Yanda zaka samu sautin tsohon amf ɗin jazz da fedal ɗin jita

Abu na farko da nake so mu cire daga ranmu tun kafin a taka kowane fedal, wato ƙaramin akwatin gyara sauti da ake takawa da ƙafa, shine wannan tunanin na cewa in ka murɗe ton ɗin jita, abin murɗawar nan mai rage kaifin sauti, ya koma sifiri to shikenan ka samu sautin jazz. Ba haka bane wallahi. Abinda zaka samu sauti ne toshashshe, kamar mutum yana magana ya lulluɓa da bargo, in kai kaɗai ne a ɗaki zakaji kamar yayi daɗi, amma da zarar mai bas da mai ganga sun shigo sai ka nemi jitarka ka rasa. Ka koma ka saurari tsofaffin fayafayan Wes Montgomery ko Grant Green ko Kenny Burrell da kyau, da hedfon in so samu ne, zakaji akwai haske a ciki, kowace waya, wato kowane sauti guda da aka buga, tana fita daban, kana jin lokacin da yatsa ko fik, ɗan abin da ake kaɗa jita dashi, ya taɓa tsirkiya. Kaifin nan mai sukar kunne ne kawai babu, tsakiyar sautin kuma a cike take. Duk aikin da zamuyi da fedal ɗin nan a kan wannan yake: a cika tsakiya, a rage kaifi ba tare da an kashe haske ba, a tausasa farkon bugu kaɗan.

Toh me yasa tsofaffin amf ɗin, wato akwatunan ƙara sautin jita, suke fidda sauti haka? Ya kamata ka sani, dan in baka san abinda kake kwaikwayo ba zaka yi ta sayen fedal ne kawai kana tarawa. Charlie Christian, wanda ya shiga ƙungiyar Benny Goodman a 1939, da Gibson ES-150 yake kaɗawa ta cikin ƙaramin amf irin EH-150, amf ne mai bawul, wato kwalaben lantarki na gilashi masu ƙara sauti, wanda ƙarfinsa bai wuce wat 15 haka ba, kuma yana gogayya da masu busa, dan haka dole a ƙure shi, in aka ƙure shi kuwa sai bawul ɗin su fara ɗan kurjewa, sautin ya yi kauri da ɗan gashi-gashi a bakinsa. Fender Deluxe mai rigar yadin tuwid, samfurin 5E3 da aka yi daga 1955 zuwa 1960, shima kusan labarin ɗaya ne, bawul 6V6 guda biyu, sifika ɗaya mai inci 12, abin murɗa ton guda ɗaya tak, in ka bugi tsirkiya da ƙarfi wutar cikinsa tana ɗan sagewa na ɗan lokaci kafin ta dawo, wannan sagewar ce take sa farkon bugun ya yi laushi. Sannan sifikun jita gaba ɗaya basa iya kai sauti sama sosai, daga wajen haz 5000 sun fara sauka, haz ɗin nan shine ma'aunin tsayin sauti. Kaga kenan abu uku ne suka haɗu, tsakiya mai kauri, matsewa ta bawul, da sifika mai yanke sama da kanta.

Amma kar kace sai bawul. Joe Pass ya daɗe yana amfani da Polytone, kamfanin da Tommy Gumina ya kafa a 1968, kuma amf ne na tiransista, ba bawul ko ɗaya a cikinsa, shi tsabta da duhu da kauri ya iya. Wes ma ya yi amfani da Standel na tiransista. Dan haka tsohon sautin jazz ba guda ɗaya bane, aƙalla akwai hanya uku, kuma tun yanzu ka zaɓi wacce kake bi: ta shekarun 1940 mai kurjewa sosai irin ta Christian, ta ƙarshen 1950 zuwa farkon 1960 mai ɗan gashi kaɗan in an buga da ƙarfi, ko ta 1970 mai tsabta tas irin ta Polytone. Ni ta tsakiyar nan nafi so kuma a kanta zan fi daɗewa, amma zan nuna inda zaka karkata in ɗayan kake nema.

Gyara jitar tukuna

Fedal baya ƙirƙiro abinda jita bata bashi ba. Ka koma kan fikof, wato maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya, na wajen wuya, shi kaɗai. In fikof ɗin irin masu kaurin sauti ne, hambaka ko P-90, ka huta, in kuma singil koyil ne irin na Telecaster ko Strat shima zai yi, Ed Bickert da Telecaster ya yi aikinsa kuma babu mai cewa sautinsa ba jazz bane. Tsirkiya kuma ka nemi masu santsi, filatwawun, irin D'Addario Chromes ko Thomastik Jazz Swing, masu kauri 12 ko 13 in yatsunka zasu ɗauka, in ba zasu ɗauka ba fara da 11. Canjin tsirkiya kaɗai sai ya kai ka rabin hanya, ba ƙari nake ba, ƙarar nan ta ƙiii da yatsa ke yi in yana zamewa tana ɓacewa, kuma wayoyin ƙasa suna yin tum-tum maimakon ƙararrawa. Fik ya zama mai kauri, daga milimita ɗaya zuwa sama, Jazz III na Dunlop shine wanda aka fi sani, kuma ka riƙa bugawa kusa da ƙarshen wuya ba kusa da gada ba. Wes da babban yatsa yake bugawa, naman yatsa ba farce ba, ka gwada ko na minti biyar ne zaka ji yanda hannu kaɗai yake canja komai.

Sai wata dabara da mutane da yawa basa kula da ita. A mafi yawan jitoci in ka rage bolum ɗin jikin jita daga 10 zuwa wajen 7 ko 8, kaifin sama yana raguwa da kansa, kuma raguwar tafi daɗin ji a kan wadda ton ke yi. Dan haka ka ƙara bolum a amf, ka rage a jita, ton ɗin kuma ka barshi wajen 6 ko 7. Banda jitar da aka sa mata tirebul bilid, ɗan haɗin da ke riƙe kaifi in an rage bolum, ita bolum ɗinta baya rage haske, sai ka dogara da ton.

Daga nan sai amf ɗin da kake dashi. In Fender ne irin na baƙar fuska, waɗanda aka yi daga 1963 zuwa 1967 da duk masu kwaikwayonsu har yau, to ka sani an gina su ne da rami a tsakiya, ko ka sa komai a 5 sautin ba a miƙe yake ba, akwai faɗawa wajen haz 400 zuwa 500, kuma nan ne daidai inda kaurin da muke nema yake zaune. Maganinsa a rage bas zuwa 2 ko 3, tirebul zuwa 2 ko 3, mid a ɗaga shi 7 zuwa sama, birait suwic a kashe. In amf ɗin bashi da mid, irin Deluxe Reverb ko Princeton, rage bas da tirebul ɗin ka ƙara bolum, tsakiyar zata fito da kanta. In Roland JC-120 ne kashe koros, kashe birait, rage tirebul sosai dan shi yana da ƙyalli. Sai ka gama wannan sannan a fara maganar fedal.

Ikwalaiza shine babba

In fedal ɗaya zaka iya mallaka to ikwalaiza ne, mai ɗaga ko sauke kowane yanki na sauti daban, babu wani dogon tunani. Boss GE-7 shine a hannun kowa, yana da sanduna bakwai: 100, 200, 400, 800, 1600, 3200 da 6400, kowanne yana hawa ko sauka har desibel 15, ga sandar lebul a gefe. Ga inda zaka fara, ba doka bace, mafari ne: 100 ka saukar da shi kamar desibel 3 zuwa 4, 200 barshi a tsakiya ko ka ɗan taɓa shi ƙasa in jitarka mai rami ce, 400 ɗaga shi 2 zuwa 3, 800 shima 2, 1600 barshi, 3200 saukar da 3 zuwa 4, 6400 saukar da 6 ko fiye.

Nasan wani zai ce ya za ayi ana neman ɗumi kuma a rage bas? Ai nan gizo ke saƙar. Wayar da tafi kowacce kauri a jita, E ta ƙasa, haz 82 take, kuma wannan yankin na mai bas ne da ƙafar mai ganga. Tsofaffin amf ɗin nan ƙanana ne, bayansu a buɗe, basa iya fidda wannan ƙasan da ƙarfi, shi yasa a fayafayan zakaji jita tana zaune a saman bas tsaf basa cin juna. In ka ɗaga 100 abinda zaka samu shine gurnani, kodin ɗinka su cakuɗe, jita mai rami kuma ta fara kuka. Kaurin yana tsakanin 250 da 800 ne.

Sandar 3200 ita ce mai wuyar sha'ani kuma ita nake so ka ɓata lokaci a kanta. A nan ƙarar fik take, a nan kuma hasken yake. Ka buga waya ɗaya a tsirkiyar B wajen firet na 8, ka maimaita ta a hankali da ƙarfi iri ɗaya, ɗayan hannun yana saukar da sandar kaɗan-kaɗan. Da farko zakaji tik a gaban kowace waya, kana sauka tik ɗin zai koma tuk, ka ci gaba da sauka sai ya ɓace gaba ɗaya wayar ta zama kamar ba a buga ta ba, daga sama ta faɗo. Inda ya zama tuk ɗin nan zaka tsaya. In ka wuce ka dawo da ita sama kaɗan. Wannan gwajin yafi duk wani lissafi da na baka a sama dan jitarka da sifikarka ba irin na kowa bane.

Ka kuma fi yawan ragewa a kan ɗagawa, sabida irin waɗannan fedal ɗin in ka ɗaga sanduna da yawa suna kawo shiii a bayan sauti, kuma a jazz da ake da wuraren shiru da yawa ana jin sa. In kana da MXR mai sanduna goma, naka sune 250 da 500 a ɗaga, 125 da abinda ke ƙasansa a sauke, 4000 da 8000 a sauke, 16000 kuwa jita bata da komai a can, ka kai shi ƙasa ka huta da hayaniya. Mai faramatirik irin na Empress yafi su duka dan zaka iya nemo daidai wajen da ke damunka, amma yana buƙatar kunne ya saba.

Yanzu ɗan gashin nan

Wannan shine wajen da ake ɓata abu. Ana cewa obadiraib, wato fedal mai sa sauti kurjewa, sai mutum ya tuna rok, ya murɗa geyin, nob ɗin yawan kurjewar, zuwa rabi. A'a. Abinda muke so shine in ka buga a hankali sautin tas yake, sai in ka danna da ƙarfi ne kawai zaka ji bakin wayar ya ɗan kurje. Wanda yake sauraro bazai ma ce akwai obadiraib ba, zai dai ce jitar nan tana da jiki.

Fedal ɗin da suka fi dacewa sune masu kwaikwayon firi'amf, wato sashin farko da sauti ke shiga, na tsohon amf. Na tuwid akwai Catalinbread Formula 55, akwai Woodrow '55 na Universal Audio wanda shi amf ɗin gaba ɗaya yake kwaikwaya harda sifika, akwai Tech 21 Blonde da Joyo American Sound wanda aka gina a kan tsarinsa, su suna da abin murɗawa da yake kai ka daga baƙar fuska zuwa tuwid, kana murɗawa tsakiya tana cika. In kuma sautin 1940 kake bi, Jr. Barnyard na Nocturne Brain dan shi aka yi shi, yana kwaikwayon firi'amf ɗin tsofaffin Gibson masu manyan bawul. In babu ko ɗaya a ciki kuma kana da Tube Screamer a ajiye, zai yi aiki, diraib a sifiri ko kusa, ton wajen ƙarfe tara zuwa goma in ka ɗauki fuskar nob ɗin a matsayin agogo, lebul daidai da ƙarar jita in fedal a kashe. Shi dama yana da tudu wajen haz 720 kuma yana aske bas, dan haka in ka sa shi ka mayar da sandar 800 ɗinka tsakiya kar abin ya yi yawa ya koma sauti ta hanci. EP Booster na Xotic, wanda aka ɗauko daga firi'amf ɗin Echoplex, shi baya kurjewa sosai amma yana ƙara kauri, mutane da yawa a kunne suke barinsa kullum.

Yanda zaka saita geyin kuwa, kar ka gwada da waya ɗaya, da kod zaka gwada, kuma kod ɗin jazz mai wayoyi kusa da juna, misali G13 ko Cmaj7 ko wani mai ɗauke da 9. Dalili shine in wayoyi da yawa suka shiga kurjewa tare suna haifar da wasu sautuka na daban da babu su a cikin kod ɗin, fawa kod na rok wayoyi biyu ne masu jituwa shi yasa yake jure distoshan, namu kuwa huɗu ne ko biyar kuma wasu suna gogar juna dama. Buga kod ɗin da ƙarfin da kake rakiya dashi, ka ɗaga geyin har ka fara jin wani gurgur a ƙarƙashi kamar wayoyin suna faɗa, sai ka koma baya har ya ɓace, ka ƙara komawa baya kaɗan. Yanzu buga layi ɗaya da ƙarfi, in kaji ɗan gashi to ka samu. Mai bin Christian zai iya barin gurgur ɗin kaɗan dan shi yawanci waya ɗaya-ɗaya yake bi. Mai bin Polytone kuma ya tsallake wannan sashin gaba ɗaya, ikwalaiza ta ishe shi, sai dai ya ƙara sauke 3200 fiye da yanda na faɗa.

Kwamfuresa

Ra'ayina a nan, in kana da firi'amf mai kyau ko amf ɗinka mai bawul ne to ba lallai bane. Inda yake da amfani shine amf na tiransista mai tsauri wanda in ka buga waya take faɗo maka a kunne kamar an harbo ta. Nan kwamfuresa, fedal mai rage tazara tsakanin bugu mai ƙarfi da na hankali, zai yi aikin sagewar nan ta bawul. Amma a kiyaye, jazz a kan hawa da saukar ƙarfin hannu yake rayuwa, wayar da ka haɗiye da wadda ka fito da ita, in ka matse su suka zama tsayi ɗaya suwing ɗin ya tafi. Dyna Comp da ire-irensa in aka murɗa su suna bada wannan ɗas-ɗas ɗin na kiɗan kantiri da fonk, ba shi muke nema ba. Nemi mai abin gauraya, irin Keeley Compressor Plus, ka bar rabin sautin asali yana wucewa, ko mai aiki da haske irin Diamond wanda matsewarsa take da laushi. In yana da reshiyo, 2 zuwa 1 ko 3 zuwa 1 ya isa. Gwajinsa mai sauƙi ne, buga layi ɗaya a hankali sosai sannan da ƙarfi, in bambancin bai fito fili ba ka yi yawa.

Ribab

A shekarun 1950 yawancin amf ɗin jita basu da ribab, wato amon nan irin na ɗaki da ke bin bayan sauti, a ciki. Fender sai 1961 ta fitar da akwatin ribab ɗinta na daban, sai 1963 ta sa shi a cikin amf da Vibroverb. Dan haka sararin da kake ji a fayafayan lokacin ba ribab ɗin sifirin (spring) na amf bane, ɗakin da aka ɗauka ne ko kuma abinda injiniya ya ƙara, irin faifan ƙarfe na EMT 140 da ya fito a 1957. Rudy Van Gelder, wanda ya ɗauki mafi yawan aikin kamfanin fayafayan jazz na Blue Note, a falon gidan iyayensa a Hackensack ya fara, a 1959 ya koma situdiyonsa mai dogon rufi a Englewood Cliffs, duk a jihar New Jersey ta Amurka, kuma ɗakin kansa yana cikin sautin. Abinda wannan ke nufi a gare ka shine a fedal ɗinka, Boss RV-6 ne ko Hall of Fame na TC Electronic ko Strymon Flint, ka zaɓi na ɗaki ko na faifan ƙarfe, jelar ta zama gajera, daƙiƙa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ton ɗin ribab ɗin ya yi duhu, gaurayen kuma ƙasa sosai. Ka ɗaga shi har ka fara jin sa sarai sannan ka rage. In ka kashe fedal ɗin kaji sautin ya bushe ya manne da sifika, ka kunna kaji ya samu wajen zama amma baka iya nuna jelar, daidai kenan. Ribab ɗin sifirin ma ba laifi bane in sautin tsakiyar 1960 kake so, 2 a kan nob ya isa, kar ya kai ga tsalle-tsallen nan na kiɗan saf. In kuma a babban zaure kake kiɗa wanda dama yana amsawa, kashe shi.

Koros, dileyi mai tsawo, ribab ɗin nan mai ƙyalƙyali da ake kira shimmer, duk ka ajiye su gefe, na wani zamanin ne.

Jeri da haɗi

Daga jita zuwa tuna mai saita tsirkiya, sai kwamfuresa in akwai, sai firi'amf ko obadiraib, sai ikwalaiza, sai ribab, sai amf. Na sa ikwalaiza bayan obadiraib ne dan kurjewa tana haifar da sabon kaifi a sama, kuma ita zata share shi, wato tana yin aikin tsohuwar sifika kenan. Amma in jitarka mai rami ce mai yawan bas kuma kaji obadiraib ɗin yana yin burr a wayoyin ƙasa, dawo da ita gaba ta rage bas ɗin kafin ya shiga. Duka biyun daidai ne, matsalar da kake da ita ce zata gaya maka.

In fedal ɗinka cikakken firi'amf ne kuma amf ɗinka yana da ifek luf a baya, wato ramuka biyu na fita da dawowar sauti, gwada shiga ta ramin ritan kai tsaye. Ta haka ka tsallake firi'amf ɗin amf ɗin da ramin tsakiyarsa gaba ɗaya, fedal ɗin ya zama shine amf ɗin. Ka rage lebul ɗin fedal zuwa ƙasa kafin ka kunna fa, dan a wasu amf ɗin bolum na gaba baya aiki in ka shiga ta nan, ƙarar zata iya zuwa da ƙarfin gaske. In kuma babu amf sam, miksa zaka shiga ko kwamfuta, to dole akwai mai kwaikwayon sifika, ko fedal irin Strymon Iridium ko Woodrow ɗin can da suke da shi a ciki, ko mai loda IR, wato fayil ɗin kwaikwayon sifika, ka zaɓi sifika ɗaya mai inci 12 mai buɗaɗɗen baya, in akwai zaɓin makirfo ɗauki na ribon. Jita kai tsaye cikin miksa ba tare da wannan ba tana da ƙaiƙayi a sama wanda ikwalaiza kaɗai bata cire shi da kyau. Akasin haka kuma, in cikin amf na gaske kake shiga ka kashe kwaikwayon sifikar in yana kasuwa, sifika a kan sifika tana toshe sauti.

Wuta kuma ka kula da ita. Yawancin fedal bolt 9 suke ci, tsakiya nagetif, kuma in ka jera su a waya ɗaya mai rassa, musamman na dijital da na analog tare, zaka iya samun ƙugi. Akwatin wuta mai raba kowace fita daban yana maganin wannan. Wasu fedal ɗin suna karɓar bolt 18 su ƙara tsabta, amma sai in takardarsa ta faɗa, in ba haka ba zaka ƙona shi. Wata ƙaramar magana kuma, doguwar waya daga jita zuwa fedal na farko tana rage kaifi da kanta, mita biyar ko shida zakaji bambanci da mita biyu, dan haka ba sai ka nemi waya mafi tsada mai fidda komai ba, a wannan aikin ɗan ragin nan alheri ne.

Duk lokacin da kake gwada fedal a kunne da a kashe ka tabbatar ƙarar ɗaya ce. Kunne yana da wannan halin, duk abinda yafi ƙara sai ya ce yafi daɗi, sai ka ɗauka fedal ɗin ya gyara sauti alhali ƙara kawai ya yi. Haka nan tun 1933 Fletcher da Munson suka nuna cewa in sauti yana ƙasa-ƙasa kunne baya jin bas sosai, yana ƙaruwa bas ɗin yana fitowa. Shi yasa saitin da ka yi da dare a ɗaki a hankali in ka kai shi wajen wasa ka ɗaga sai kaji ya cika da gurnani. Ka yi saitin a ƙarar da zaka yi wasa da ita, in bazai yiwu ba to ka tafi da shirin sauke 100 da 200 ka ɗan dawo da 1600 da 3200 sama da zarar an fara. Ɗaga amf ɗin daga ƙasa ka ɗora a kujera, kar ka cusa shi a kusurwa, in jitar mai rami ce ka ajiye shi ta ɓangaren wuyan jita a ɗan bayanka yanda jikinka zai tare tsakaninsa da cikin jitar, kukan zai ragu sosai.

Sai ka ɗauki faifan da kake so ka kunna ta sifika, ka koyi layi ɗaya gajere daga ciki, wayoyi biyar ko shida, ka buga tare dashi kana ɗaukar kanka a waya daga ɗan nesa, mita biyu haka. Saurari abinda ka ɗauka ba abinda kaji lokacin da kake bugawa ba, dan lokacin bugu kana jin ƙarar tsirkiyar kanta a jikinka tana ruɗa ka. In taka tafi tasu duhu, wanda yawanci hakan ne yake faruwa a karon farko, buɗe ton ɗin jita da lamba ɗaya ka sake ɗauka. In tafi tasu sirantaka ɗaga 400. In farkon bugunka yafi nasu tsini, kafin ka taɓa kowane nob ka karkata fik ɗin kaɗan yanda gefensa zai zame a kan tsirkiya, ka sassauta riƙon, ka sake ɗauka. Abu ɗaya zaka riƙa canjawa a kowane zagaye, in ka taɓa uku lokaci guda bazaka san wanne ya yi aikin ba.